Taimakon Gwamnati Ga Iyaye Masu Ƙaramin Samu

Duk wanda ya taɓa fitowa bakin titin Narayi da sassafe, tun gari bai gama wayewa ba, ya san irin mutanen da nake so in yi magana a kansu. Ga mai gadi yana dawowa daga Barnawa, inda ya kwana a zaune a ƙofar gidan wani. Ga mai tuyan ƙosai ta riga ta hura wuta. Ga ɗan keke napep yana goge keken da ba nasa ba, sai ya kai wa mai shi balas tukuna ya san abin da ya rage masa. Ga malamar makarantar kuɗi tana sauri kada a yanke mata albashi saboda latti. Ga birkila da leburansa sun tsaya da cebur da kwano suna jiran mai kira. Babu malalaci ko ɗaya a cikinsu. Amma in wata ya kai ashirin, sai ka iske a gidajen da yawansu ana auna masara da lissafi, ana ce wa yaro ya yi haƙuri da kuɗin littafi sai wani mako.

Waɗannan su ne iyayen yawancinmu. A bara wani ɗan ajinmu ya daina zuwa makaranta a tsakiyar zango na biyu. Ba rashin ƙoƙari ya kore shi ba, domin a lissafi yana cikin na gaba-gaba. Ubansa mai gadi ne, uwarsa tana wanki da guga, su biyar ne yaran gidan, shi ne babba. Aka ƙara musu kuɗin haya, sai aka ga babu dabara sai shi ma ya fita nema. Yanzu yana bin mota yana kiran fasinja. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin akwai abin da gwamnati take yi, ko kuwa ya kamata ta yi, wa gidan da ake aiki dare da rana amma abin da ake samu bai isa yara ba? Abin da na gano shi ne zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a nan.

Albashi bai san yawan yara ba

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, mai ba da aiki yana biyan aikin ne, ba ya ƙirga bakunan da ke jira a gida. In an ɗauki masu gadi biyu, ɗaya gwauro, ɗaya mai mata da 'ya'ya huɗu, albashinsu ɗaya ne. Gwauro zai ci ya ƙoshi, har ya sayi sabuwar waya. Magidanci kuwa zai raba nasa gida shida.

Bari mu yi lissafin a fili. A ƙarshen shekara ta 2024 Gwamna Uba Sani ya amince da naira 72,000 a matsayin albashi mafi ƙanƙanta ga ma'aikatan Jihar Kaduna. In aka raba wannan kuɗi kwana 30, kowace rana ta tashi naira 2,400. In gidan mutum shida ne, kowa ya sami naira 400 ke nan a yini. A cikin naira 400 ɗin nan ne za a ci abinci sau uku, a biya haya da wuta da ruwa, a shiga mota, a sayi sabulu da magani da takalmin makaranta. Kowace uwa da ke zuwa kasuwar Narayi ta san iyakar inda naira 400 za ta kai ta.

To, wannan ga wanda ya sami cikakken albashin ke nan. Da yawa ba su samu.

Dokar albashi da waɗanda ta bari a baya

Dokar albashi mafi ƙanƙanta ta ƙasa baki ɗaya ta samu ne cikin 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Naira 125 aka tsayar a wata. Cikin 2011 ya koma naira 18,000, cikin 2019 naira 30,000, cikin Yulin 2024 kuma naira 70,000. Jihar Kaduna ce ta riga sauran jihohi fara biyan naira 30,000 ɗin, a watan Satumba na 2019.

A wancan zamani na farko dokar ta taɓa gidaje masu yawa a kudancin kogin Kaduna, domin masaƙu suna aiki. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri cikin 1957, da Arewa, da UNTL, da sauransu, sun ɗauki dubban ma'aikata, waɗanda suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da unguwannin da ke kewaye, har da tamu. Kowane ma'aikaci yana da sunansa a littafin albashi, yana da ƙungiya mai yi masa magana. Sa'an nan KTL ta rufe cikin 2002, sauran suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta tsaya cikin 2007. Mutanen ba su daina aiki ba, sai dai aikin ya koma na kai da kai: tuƙa keke, gadi, ƙananan saye da sayarwa, aikin gini na yini-yini.

Ita kuwa dokar ba ta bi su can ba. Ta faɗa a fili cewa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i ba, ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ko ya sayar, ko mai ƙwadagon gona na damina. Watau yaron shago, da mai aikin gida, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, duk suna waje. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi cikin 2023 da 2024 ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya irin wannan aiki suke yi, wanda ba shi da takarda. Ita ce kuma ta bayyana cikin 2022 cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki dabam-dabam, kamar rashin abinci mai kyau da ilmi da lafiya da ruwan sha. Ba zai yiwu a ce dukan waɗannan zaman banza suke yi ba. Mafi yawansu masu nema ne da 'ya'yansu.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa abin

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Ƙasashen da suka riga mu cin karo da ita sun lura cewa in an tilasta wa mai ba da aiki ya biya magidanci fiye da gwauro, to, gwauraye kaɗai zai riƙa ɗauka. Saboda haka suka ce bari mai aiki ya biya aiki, gwamnati kuma ta cike abin da ya rage saboda yara.

A Ingila an fara wannan cikin 1971, zamanin Firayim Minista Edward Heath. Za mu iya kiransa cikon samun iyali. Sharuɗɗansa uku ne: mutum yana da cikakken aiki, yana da yaro ko da ɗaya ne, samunsa kuma bai kai wani ma'auni da gwamnati ta tsayar ba. Ma'aunin yana ƙaruwa da yawan yara. Sai a duba giɓin da ke tsakanin samunsa da ma'aunin, a ba shi rabi.

Ga misali da kuɗinmu don abin ya fito sosai, amma adadin nawa ne na ƙaga, ba na wata doka ba ne. Mu ƙaddara an ce gida mai yara uku yana bukatar naira 100,000 a wata. Mai gadi yana samun naira 60,000. Giɓin naira 40,000 ne, sai a ba shi rabi, naira 20,000, ya tashi da naira 80,000. In ya sami ƙarin aiki samunsa ya kai naira 80,000, giɓin ya koma naira 20,000, cikon naira 10,000, ya tashi da naira 90,000. Kun ga hikimar rabin ke nan. Da an ce za a cike giɓin duka, da wanda ya ƙara ƙwazo da wanda bai ƙara ba duk ɗaya ne, kowa naira 100,000 zai tashi da ita. Amma da aka ce rabi, kullum wanda ya ƙara aiki shi ne a gaba.

Duk da haka tsarin bai rasa aibu ba. Kimanin rabin waɗanda suka cancanta ba su nema ba, wasu don rashin sani, wasu don kunya, wasu don wahalar cike takardu. Har wa yau, in albashin mutum ya ƙaru, ga cikon ya ragu, ga haraji ya ƙaru, sai ya ga abin da ya shigo aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Wannan ya sa aka yi ta gyara tsarin ana sake masa suna, cikin 1988 da 1999 da 2003, har aka haɗe shi da sauran taimako a tsari guda.

Amurka ta bi ta hanyar haraji cikin 1975. Mai aiki mai yara yana cike takardar harajinsa a ƙarshen shekara, in aka ga samunsa kaɗan ne, maimakon a karɓa daga gare shi sai a ba shi. Da farko dala 10 ake ba shi a kan kowace dala 100 da ya samu da guminsa, har iyakar dala 400 a shekara. Wanda bai yi aiki ba ba ya samun kome a wannan tsari.

Sai dai waɗannan ƙasashe biyu sun san abin da kowane ma'aikaci yake samu, domin kusan kowa yana da takardar albashi. Waɗanda suka fi kama da mu su ne Afirka ta Kudu da Brazil. Afirka ta Kudu ta fara biyan tallafin yaro cikin 1998, rand 100 a wata ga kowane yaro da bai kai shekara 7 ba. A hankali aka ɗaga shekarun har zuwa 18, cikin 2024 kuɗin ya kai rand 530, yara kuma wajen miliyan 13 suke samu. Ana ba wanda yaron yake hannunsa, uwa ko kaka ko uba, ba a kuwa hana shi don yana aiki, in dai samunsa bai wuce ma'auni ba. Brazil ta kafa nata cikin 2003, mai suna Bolsa Familia, da sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu allurar rigakafi. Katin karɓar kuɗin yawanci a hannun uwa yake.

Abin da aka yi a Nijeriya

Mu ma ba a zauna haka nan ba. Cikin 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara wani shiri mai suna COPE, wanda ke ba gidajen matalauta masu yara 'yan makaranta kuɗi kowane wata har shekara guda, da sharaɗin kada a cire yaran daga makaranta. Gidajen da ya kai gare su kaɗan ne ƙwarai.

Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani gwaji mai amfani a Anka da Tsafe cikin Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma cikin Jihar Jigawa, da kuɗin gwamnatin Ingila. Mace mai ciki ana ba ta naira 3,500 kowane wata, daga baya naira 4,000, har ɗanta ya cika shekara 2, ana kuma koya mata yadda ake ciyar da jariri. Binciken da aka yi ya nuna tsumburewar yara ta ragu, matan kuma da yawa sun shiga sana'a da kiwo da kuɗin.

Babban shirin shi ne wanda gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kafa cikin 2016. Gidan da aka zaɓa ana ba shi naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya naira 10,000, yawanci a hannun matar gida. Kuɗin ya fito daga rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322.5 na kuɗin da Janar Sani Abacha ya ɓoye, waɗanda ƙasar Suwizalan ta amince ta maido a ƙarshen 2017.

Yaya ake zaɓen gidajen? Ana fara zaɓen ƙananan hukumomi da ƙauyukan da talauci ya fi yi wa katutu. Sa'an nan a tara jama'ar wurin, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci a garinsu, su lissafa gidajen da suka fi kowa bukata. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida suna tambaya: mutum nawa ne, da me aka yi rufin ɗaki, ina ake ɗebo ruwa, me aka mallaka. Sunayen su shiga rajistar mabukata ta ƙasa, daga cikinta ake ɗauko waɗanda za a biya.

Wannan hanya ta dace da ƙauye, inda kowa ya san kowa. A gari kuwa, inda ɗan haya zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, tana da wuya. Annobar korona ce ta tona wannan. Da aka kulle Kaduna cikin 2020, waɗanda suka fi jin jiki su ne masu fita kullum su samo na yini, ga shi kuwa yawancinsu ba su cikin rajista. Saboda haka a watan Janairu na 2021 aka buɗe wata rajista ta gaggawa don mazauna birane masu ƙananan sana'o'i, ana tuntuɓarsu ta saƙon waya, da nufin ba gida miliyan 1 naira 5,000 a wata har wata 6. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da taimakon mai aiki mai ƙaramin samu da aka yi a ƙasar nan, amma na ɗan lokaci ne.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Don rage raɗaɗi, a watan Oktoba na 2023 aka ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku, watau naira 75,000, ga gidaje miliyan 15. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da ma'aikatar, da shirye-shiryen duka, don a binciki yadda aka sarrafa kuɗi. Da aka dawo da biya sai aka sa sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki ko na waya.

Akwai kuma taimakon da ba kuɗi ne a hannu ba, amma yana rage wa iyaye nauyi. A watan Janairu na 2016 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya fara ciyar da 'yan firamare na makarantun gwamnati a kan naira 50 kowane yaro a yini, yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta. Nauyin ya yi wa jiha yawa aka tsaya, daga baya shirin tarayya ya ɗauki 'yan aji 1 zuwa 3 a kan naira 70. Ga gida mai yara uku a firamare, abincin rana sau uku ke nan aka ɗauke wa uwa kowace ranar makaranta.

Ta wajen haraji kuma, tsohuwar doka ta yarda a cire naira 2,500 a kan kowane yaro, har yara huɗu, daga kuɗin shekara da za a yi wa haraji. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu.

To, ina mai gadin nan ya faɗa?

Yanzu mu koma ga uban ɗan ajinmu, mu bi shi ƙofa-ƙofa. Ya je ƙofar dokar albashi, an ce gidan da yake gadi ba ma'aikata 25 gare shi ba. Ya je ƙofar rajistar mabukata, an ce ai kai kana da aiki, ga gwauruwa mai marayu da tsoho marar kowa sun fi ka bukata, kuma gaskiya ne sun fi shi. Ya je ƙofar haraji, an ce an yafe maka, alhali dā ma ba a karɓar kome a wurinsa, saboda haka yafewar ba ta ƙara masa ko kwabo ba. Ya yi wa wannan ƙofa girma, ya yi wa waccan ƙanƙanta.

Ko da ya dace sunansa ya shiga, akwai abu uku da suka bambanta namu da na ƙasashen da na ambata. Na ɗaya, namu gida ake ba, ba a ƙirga yara, mai ɗa ɗaya da mai 'ya'ya shida duk daidai. Na biyu, kuɗin ba ya bin tsadar kaya. Naira 5,000 ta fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramin albashi lokacin da aka fara, amma da albashi ya koma naira 30,000 ta zama kashi ɗaya cikin shida, ba a kuwa taɓa ta ba. Na uku, namu shiri ne mai zuwa ya wuce da gwamnatin da ta kawo shi. Uwa ba za ta iya dogara da shi ta ce wa ɗanta ya ajiye tiren talla ya koma aji ba, domin ba ta san ko zai zo wata mai zuwa ba. Kuɗi kaɗan mai zuwa a kan kari ya fi kuɗi mai yawa na ba-zata amfani ga mai tsara cefane.

Abin da masu suka suke faɗa

Adalci ne mu ji ta bakin waɗanda ba su yarda ba. Wasu sun ce kuɗin kyauta yana kashe zuciya. Amsar tana cikin lissafin rabin da muka yi a baya: in an tsara abin da kyau, mai ƙara aiki shi ke ƙara samu. Matan Anka da Buji ma ba su naɗe hannu ba, jari suka yi. Wasu sun ce za a yi ta haihuwa don a karɓa. Wanda ya san abin da yaro ɗaya yake ci a wata ya san babu tallafin da zai biya shi, kuma ana iya tsayar da iyakar yaran da za a biya wa. Wasu sun ce kuɗin zai ɓace a hanya. Wannan tsoro yana da tushe, abin da ya faru cikin 2024 ya isa shaida. Maganinsa shi ne biya kai tsaye cikin asusun mai shi, da bayyana wa jama'a nawa aka biya a kowace mazaɓa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Suka mafi ƙarfi ita ce wannan: yaya gwamnati za ta san abin da mai ƙosai take samu? Ita kanta ba ta rubutawa, yau riba gobe faɗuwa. Lalle tsarin Ingila da Amurka ba zai zauna a Narayi yadda yake ba. Shi ya sa a ganina hanyar Afirka ta Kudu ta fi kusa da mu: a bi yaro, domin yaro ana iya ganinsa a ƙirga shi, a asibiti da makaranta, ko da ba a iya ƙirga ribar uwarsa ba. Ana iya farawa da ƙanana, daga ciki zuwa shekara 2, kamar yadda aka gwada a Jigawa da Zamfara, a riƙa ɗagawa gwargwadon ƙarfin baitulmali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa ma a shekarun nan na farko suke ginuwa, abin da aka rasa a lokacin kuwa da wuya a mayar.

Kada kuma a ce wannan baƙon abu ne a gare mu. Adashin mata, da zumuntar mata a majami'u, da zakka da sadaka a masallatai, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taro ran Lahadi, duk suna yin irin wannan aiki tun dā. Sai dai in tsada ta zo, mai bayarwa da mai karɓa duk tare take kama su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannun gwamnati kuwa shi ne mafi tsawo.

Abin da ya rage gare mu

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowane gida zai iya yi. Iyayenmu, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa a wurin Hukumar Ƙidayar Jama'a, domin yaron da ba a rubuta ba babu shirin da zai gan shi. Uwa da uba kowa ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa da asusu da sunansa, sunan kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina, gama bambancin harafi guda ya isa ya tsare kuɗin mutum. In mai unguwa ya kira taron tantance mabukata, a je, a faɗi gaskiya, kada kunya ta hana. Shiga rajista kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa suna, ko ya bugo waya yana neman lambar sirri ta katin banki, ɓarawo ne.

Mu kuma ɗalibai, mu ne idon iyayenmu a wajen karatu. Mu karanta musu saƙon waya, mu raka su banki, mu duba takarda kafin su sa hannu. Da yawanmu za mu kai shekarun jefa ƙuri'a nan ba da daɗewa ba. In mai neman kansila na mazaɓar Narayi, ko shugabancin Ƙaramar Hukumar Chikun, ko wakilcin Chikun da Kajuru a majalisar tarayya, ya zo da buhun shinkafa, mu gaishe shi da ladabi, sa'an nan mu tambaye shi: gida nawa ne a mazaɓar nan suke cikin rajista, nawa aka biya, yaushe, kuma me ya tanadar wa iyaye masu aiki da samunsu bai isa ba? Matambayi ba ya ɓata.

Na haɗu da ɗan ajinmu kwanan baya a tasha, yana rataye a ƙofar mota. Ya ƙi karɓar kuɗina. Kafin in sauka ya tambaye ni inda muka kai a lissafi, ya ce in ajiye masa littafina in mun gama, ko zai sami dama ya zauna jarrabawa daga waje. Na yi masa alkawari. Kujerarsa tana nan a layi na biyu, kusa da taga, har yanzu ba a ba kowa ba.